Me ya sa ƙungiyar hoki ke rabuwa da gwarzonta yana kan ganiyarsa?

Ranar 24 ga Janairun 2025 ƙungiyar Colorado Avalanche ta ɗauki Mikko Rantanen, ɗan ƙasar Finland da ya kusa shekara goma yana ci mata ƙwallo, ta miƙa shi ga Carolina Hurricanes. Ba rauni ya ji ba, ba tsufa ya yi ba. Shekararsa 28, ya ci kofin Stanley, wato kambun zakaran gasar, da su a 2022, kuma kaka biyu a jere yana haura maki ɗari. Mako shida cif bayan haka, Carolina ita ma ta tura shi Dallas Stars. Ba a cika wata biyu ba ya dawo ya fitar da Colorado daga gasar da hannunsa.

Tun daga nan ake ta ja-in-ja a kan ko wauta Colorado ta yi ko hangen nesa. Wanda ya saba da kasuwar 'yan ƙwallon ƙafa ta Turai zai yi saurin cewa wauta ce, don a can ba a sakin gwarzo sai an ga tulin kuɗi. A gasar NHL, wadda ita ce babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada mai ƙungiyoyi 32, dokokin kasuwar daban ne, kuma sai an san su kafin a yanke wa kowa hukunci.

Musaya ce, ba sayarwa ba

A NHL ba a sayen ɗan wasa da kuɗi. Tun yarjejeniyar 2005 tsakanin hukumar gasar da ƙungiyar 'yan wasa aka haramta sa tsabar kuɗi cikin ciniki. Abin da ake yi ban gishiri in ba ka manda ne: ɗan wasa a madadin ɗan wasa, ko a madadin guraben zaɓen matasa, ko a haɗa duka biyun.

Guraben zaɓen nan su ne kuɗin kasuwar. Kowace shekara, a ƙarshen watan Yuni, ƙungiyoyin suna zama su rarraba matasa 'yan shekara 18 zuwa sama a zagaye bakwai, kowace ƙungiya da gurbi ɗaya a kowane zagaye. Wadda ta ƙare kaka a ƙasan teburi ita ke kusa da zaɓen farko. Ƙungiya tana da ikon ba da gurbinta na bana ko na shekaru masu zuwa.

Sannan kwantiragi yana bin ɗan wasa duk inda aka kai shi, da albashinsa da shekarun da suka rage, ba a sake tattaunawa a kai. Ba a kuma neman yardarsa, sai idan akwai sharaɗin hana sauya sheƙa a rubuce cikin kwantiragin. Mutum zai iya fita atisaye da safe, da yamma a kira shi a waya a ce jirginsa na tashi da daddare.

Kalmar maki kuma, a hoki, ƙwallon da mutum ya ci ne haɗe da waɗanda ya bayar aka ci. A kakar 2022-23 Rantanen ya ci 55, makinsa 105. A wadda ta biyo baya ya sami 104. Cikin wasanni 82 na kaka a wancan lokaci, 'yan ƙalilan ne ke kaiwa nan.

Rufin albashi, uwar matsalar

Bayan rikicin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa da ya cinye kakar 2004-05 gaba ɗaya ba a buga ko wasa guda ba, an kafa iyaka ga abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi. An fara da dala miliyan 39. A kakar 2024-25 rufin ya kai dala miliyan 88. Iyakar ba ta da ƙofar baya irin ta biyan tara a wuce. Ko mai ƙungiya ya fi kowa arziki, ba zai haura ta ba.

A cikin wannan kuɗi za a biya mutum har 23, kuma 20 ne ke sa riga a kowane wasa: masu tsaron raga biyu da 'yan fili 18. A nan hoki ya bambanta da sauran wasanni. Gudun kan ƙanƙara yana cin ƙarfi ƙwarai, ɗan wasa bai cika wuce minti ɗaya a fili ba sai ya fita wani ya shigo. Gwarzon ɗan gaba yakan buga wajen minti 20 zuwa 22 cikin minti 60 na wasa. Ke nan kusan kashi biyu cikin uku na wasan yana zaune a benci yana kallo, kuma waɗanda ke fili a lokacin su ma albashi suke ci. Duk dalar da aka ƙara wa babba, daga bakin ƙanana aka cire ta.

Abin da ake lissafa wa ƙungiya shi ne matsakaicin kwantiragi a shekara. Idan an sa hannu kan dala miliyan 96 na shekara takwas, to miliyan 12 za a riƙa cirewa daga rufin kowace kaka, ko yaya aka tsara biyan. Kwantiragin kuma tabbatacce ne. In ɗan wasa ya lalace a shekara ta uku, ba a rage masa ko sisi. Hanyar fita ita ce a fanshi kwantiragin: wanda ya kai shekara 26 za a biya shi kashi biyu cikin uku na abin da ya rage, a shimfiɗa shi a kan ninkin shekarun da suka rage. Wato ƙungiya za ta yi ta ɗaukar nauyin mutumin da ba ya buga mata wasa.

Saboda haka, idan babban manaja yana auna ɗan wasa, ba tambayar “ya iya?” yake yi ba. Kowa ya san ya iya. Tambayar ita ce ko abin da yake bayarwa ya fi abin da yake ci, kuma har shekara nawa hakan zai ɗore.

Agogon da ke bugawa

Ɗan wasa yana samun cikakken 'yanci idan kwantiraginsa ya ƙare alhali ya kai shekara 27, ko ya yi kaka bakwai a gasar. Ranar 1 ga Yuli yana iya tafiya duk inda ya ga dama, tsohuwar ƙungiyarsa ba za ta sami komai ba. Masu bin ƙwallon ƙafa sun ga irinsa a 2024 da Kylian Mbappé ya bar PSG zuwa Real Madrid ba tare da an biya kuɗin sayensa ba. A hoki abin ya fi ciwo, tunda ba za ka ɗauki kuɗi ka shiga kasuwa ka sayo madadinsa ba.

Misalin da kowane manaja ke tunawa shi ne na John Tavares. Kyaftin ne na New York Islanders, su suka zaɓe shi na farko a 2009. Suka riƙe shi har ƙarshen kwantiraginsa da fatan zai sabunta. Ranar 1 ga Yulin 2018 ya sa hannu da Toronto Maple Leafs, ƙungiyar garinsu, shekara bakwai kan dala miliyan 77. Islanders suka tashi a tutar babu.

Ƙofa uku ce kawai a gaban ƙungiya idan gwarzonta ya shiga shekarar ƙarshe. Ta biya shi abin da yake nema. Ta yi musayarsa kafin ranar rufe kasuwa, wadda kan faɗo a farkon Maris. Ko ta riƙe shi, ta yi cacar cin kofi da shi, ta yarda da abin da ya biyo baya. Kowace rana da ta wuce, ƙofa ta biyu tana ƙara tsukewa, don wanda ya rage wa shekara biyu ana sayen shekara biyu ne, wanda ya rage wa wata uku kuwa ɗan haya ne, farashin haya za a biya.

Yadda Colorado ta buga lissafinta

Rantanen yana kan kwantiragin shekara shida da ya sa hannu a 2019, dala miliyan 9.25 a shekara, zai ƙare a bazarar 2025. A gefensa akwai Nathan MacKinnon da ke karɓar miliyan 12.6, da mai tsaron baya Cale Makar da ke karɓar miliyan 9, wanda nasa zai ƙare a 2027 kuma kowa ya san sabon ba zai yi araha ba. A watan Satumban 2024 Leon Draisaitl na Edmonton ya sa hannu kan miliyan 14 a shekara, farashin manyan 'yan gaba ya ɗaga nan take.

Ka haɗa mutum ukun nan a sabon farashi, za ka ga wajen kashi 40 cikin ɗari na rufin miliyan 88 ya tafi a kansu, ga mutum ashirin suna jira. Ga shi kuma tun tafiyar Nazem Kadri a 2022 Colorado ke fama da rashin ɗan tsakiya na biyu mai ƙarfi. Babban manajan, Chris MacFarland, ya zaɓi ƙofa ta biyu tun a Janairu, bai jira Maris ba.

Cinikin na ƙungiya uku ne, kuma ya nuna wata dabara da ake yawan amfani da ita. Carolina ba ta da gurbin ɗaukar miliyan 9.25. Doka ta yarda ƙungiya ta riƙe har rabin albashin ɗan wasan da ta saki, a kan kwantiragi uku kacal a lokaci guda. Sai aka shigo da Chicago Blackhawks, wadda ke ƙasan teburi da sarari mai yawa a rufinta. Rantanen ya ratsa ta Chicago a takarda kawai, ta ɗauke rabin albashinsa, aka ba ta gurbin zagaye na uku ladan dillanci, ta kuma tura Taylor Hall zuwa Carolina. Colorado ta karɓi Martin Nečas da Jack Drury, da gurbin zagaye na biyu na 2025 da na huɗu na 2026.

Nečas shi ne zuciyar cinikin. Ɗan Jamhuriyar Czech ne, ya gaza Rantanen da shekara biyu da 'yan watanni, yana da gudu, albashinsa miliyan 6.5 har zuwa bazarar 2026. Bai kai Rantanen ba, babu mai musu. Abin da Colorado ta saya shi ne mafi yawan ƙwallayen a kan kusan rabin farashin da za ta biya, da sararin ɗauko wasu. A Maris ta kawo Brock Nelson daga Islanders da Charlie Coyle daga Boston, duka 'yan tsakiya.

Sai ga wani abin da ya dagula lissafin. Mako guda bayan cinikin, ranar 31 ga Janairu, hukumar gasar da ƙungiyar 'yan wasa suka sanar da rufin shekara uku masu zuwa: miliyan 95.5, sai 104, sai 113.5. Bayan shekarun korona da rufin ya tsaya cak a 81.5 har kaka uku, wannan babban tashi ne. Albashin miliyan 12 kashi 12.6 ne cikin ɗari na 95.5, amma a ƙarƙashin 113.5 bai kai kashi 11 ba. MacKinnon kuwa, lokacin da nasa ya fara aiki a 2023-24, kashi 15 yake ci. Adadin da ya yi kama da dutse a Janairu ya fara sauƙi tun ba a shiga Fabrairu ba.

Mako shida a Carolina

Abin da Carolina ta yi ya fi na Colorado koyar da darasi, ko da yake an fi yi mata dariya. Ta ba da Nečas ba tare da Rantanen ya yi alkawarin zama ba. Ya buga wasa 13, ya ci ƙwallo biyu, maki shida. Salon Carolina na matsa lamba da jefa faifai, wato ƙwallon hoki, cikin kusurwa a bi shi da gudu bai zauna masa ba a ɗan lokacin, kuma ya nuna ba zai sabunta ba.

Manaja da yawa a nan sai su ji kunyar komawa kasuwa, su riƙe shi don kada a ce sun yi kuskure. Babban manajan Carolina, Eric Tulsky, bai yi haka ba. Ranar 7 ga Maris, ranar rufe kasuwa, ya tura shi Dallas ya karɓi matashi Logan Stankoven, da guraben zagaye na farko guda biyu, da na zagaye na uku guda biyu. Abin da ya sa aka sami wannan farashi shi ne Rantanen ya sa hannu da Dallas nan take, shekara takwas kan dala miliyan 96. Dallas ba haya ta biya ba, saye ta yi. A lokacin, ƙungiyar da ɗan wasa ke hannunta a ranar rufe kasuwa ce kaɗai ke iya ba shi shekara takwas, sauran bakwai za su iya. Sabuwar yarjejeniya ta rage su zuwa bakwai da shida daga kakar 2026-27.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: jihar Texas ba ta karɓar harajin albashi na jiha. Miliyan 12 a Dallas ya fi miliyan 12 a wasu garuruwan auki a aljihu, kuma wakilan 'yan wasa sun san wannan lissafi sarai.

Hujjar masu cewa a riƙe

Hujjarsu mai ƙarfi ce. A wasannin fitar da gwani ana buga har wasa bakwai da abokin hamayya ɗaya, wanda ya fara cin huɗu ya wuce. Filin yana tsukewa, ƙwallo na wuya, kuma a nan mutum ɗaya mai iya yin abin da saura ba su iya ba ya fi mutum uku masu matsakaicin hali. Ba ka iya sa mutum uku a gurbi ɗaya.

Ranar 3 ga Mayun 2025 aka ga haka ƙiri-ƙiri. Wasa na bakwai ne tsakanin Dallas da Colorado a zagayen farko. Colorado na gaba da ci biyu da nema a farkon zango na uku, wato na ƙarshe. Rantanen ya ci ɗaya, ya ci na biyu, ya ba da wadda Wyatt Johnston ya ci, sannan da Colorado ta cire mai tsaron ragarta don ƙara ɗan gaba, ya jefa ta huɗu cikin raga babu kowa. Aka tashi 4-2. Duk guraben zaɓe da sararin rufin da Colorado ta tara, babu wanda ya iya sauka kan ƙanƙara a wannan dare.

Gurbin zaɓe ma ba shi da tabbas yadda sunansa ke nunawa. Ƙungiyar da ke sayen gwarzo galibi mai ƙarfi ce, don haka gurbinta na zagayen farko yana faɗowa can wajen na 25 zuwa 32. Yaron da aka zaɓa a nan yakan ɗauki shekara uku ko huɗu kafin ya zauna a babbar ƙungiya, in ma ya zauna. Ƙungiyar da manyanta ke shekara 29 ko 30 ba ta da wannan lokaci.

Akwai kuma masu riƙewa da ido buɗe. Columbus Blue Jackets a 2019 ta san Artemi Panarin da mai tsaron raga Sergei Bobrovsky za su tafi. Maimakon ta sayar, sai ta ƙaro Matt Duchene. Ta share Tampa Bay, wadda ta ci wasa 62 a kakar, da wasa huɗu babu ko ɗaya, karon farko a tarihinta da ta tsallake zagaye. Boston ta fitar da ita a na biyu, su ukun kuma suka watse a Yuli. Ko cinikin ya biya, ya danganta da nawa ka kimanta mako biyun murna ga garin da ya shekara kusan ashirin yana jira.

Inda ake yin ɓarin

Kuskure mafi yawa shi ne jinkiri. Toronto ta bari sharaɗin hana sauya sheƙa na Mitch Marner ya fara aiki a shekaru biyun ƙarshe na kwantiraginsa. Daga nan ragamar ta koma hannunsa. Da bazarar 2025 ta zo, abin da ta iya samu daga ƙungiyar Vegas Golden Knights a kan ɗan wasan da ya haura maki ɗari shi ne Nicolas Roy, ɗan tsakiya na aikin ƙarfi. Ranar da ya kamata a yanke shawara ita ce jajibirin fara aikin sharaɗin, ba ranar rufe kasuwa ba.

Na biyu shi ne a yi musayar don huce haushi ko rufe bakin magoya baya. A Yulin 2022 Matthew Tkachuk, yana ɗan shekara 24, ya sanar da Calgary ba zai yi dogon zama ba. Calgary ta yi abin da ya dace, ta yi saurin tura shi Florida, ta karɓi Jonathan Huberdeau mai maki 115, da MacKenzie Weegar, da matashi ɗaya da gurbin zagayen farko. Kowa ya yaba. Sai ta yi gaggawar ba Huberdeau, mai shekara 29, shekara takwas kan miliyan 10.5 a shekara kafin ya buga mata ko wasa ɗaya. Kakar farko makinsa ya faɗo zuwa 55. Tkachuk kuwa, a kan miliyan 9.5, ya kai Florida wasan ƙarshe sau uku a jere, suka ci kofi a 2024 da 2025. Musayar ba ita ta kashe Calgary ba, kwantiragin da ya biyo bayanta ne.

Sannan mai cewa ƙungiya ba ta tashi bayan rabuwa da gwarzo, ya tuna da 9 ga Agustan 1988, ranar da Edmonton ta tura Wayne Gretzky zuwa Los Angeles, a zamanin da ake sa kuɗi a ciniki, har dala miliyan 15. Kanada ta girgiza, har wani ɗan majalisa ya nemi gwamnati ta hana. Edmonton ta ci kofi a 1990 ba tare da shi ba, don tana da Mark Messier da sauran gwanaye a gida. Gretzky bai sake ɗaga kofin ba.

Ga mai sayen tikiti

Magoyin baya shi ke ɗaukar zafin nan take: rigar da ya saya mai lamba 96 ta zama ta abokin gaba, kuɗin tikiti kuma ba ya sauka don an saki gwarzo. Ribar, in akwai, sai bayan shekaru. Shi ma manajan ya san ba lallai ya kai lokacin a kujerarsa ba, abin da ke sa wasu riƙe wanda ya kamata su saki.

To, Colorado ta yi daidai?

A tsarin tunani, ba ta yi wauta ba. Ta ƙi bin hanyar Islanders, ta motsa da wuri, ta karɓi ɗan wasan da zai buga yau maimakon alkawarin gobe, wanda shi ya dace da ƙungiyar da ke da MacKinnon da Makar a ganiyarsu. Inda take da abin amsawa shi ne farashi. A ƙarshen Oktoban 2025 ta sabunta wa Nečas, shekara takwas kan dala miliyan 92, wato 11.5 a shekara. Rantanen yana karɓar 12 a Dallas. Tazarar da aka rabu da ɗayan manyan 'yan gaban duniya saboda ita ta koma rabin miliyan.

Masu kare MacFarland za su ce ba haka ake lissafin ba. A kakar 2025-26 Nečas na kan 6.5, an ajiye miliyan 5.5 a shekarar da ake neman kofi. Sabon kwantiraginsa yana farawa ne a ƙarƙashin rufin 104, kashi 11 ke nan, kuma zai ƙare yana da shekara 35, Rantanen kuwa 36. Ga Drury da guraben zaɓe biyu a kai. Duka gaskiya ne. Amma ba wanda ya tabbatar cewa Rantanen zai ƙi miliyan 12 a Denver, garin ƙungiyar Colorado, da an jira mako guda aka ga sabon rufin, shi kansa ya ce bai yi tsammanin za a sake shi ba. Ragowar amsar tana cikin kwantiragin Makar na bayan 2027, wanda dominsa aka fara share wurin.